Me kwamitin majalisa ke yi da rahoton Odita Janar, kuma a ina aikin yake tsinkewa?

Tambayar da aka aiko ita ce: kusan kowane mako sai a ji a rediyo cewa kwamitin Majalisar Dattawa ko na Wakilai ya gayyaci shugaban wata hukuma ya zo ya yi bayanin biliyoyin da rahoton Odita Janar, babban mai binciken kuɗin gwamnati, ya ce ba a ga inda suka shiga ba. A yi ta kumfar baki, a ba da wa'adin kwana bakwai, daga nan shiru. Shin kwamitocin nan suna da iko na gaske? Kuma yaya aikin yake gudana daga ciki?

Malam, ikon akwai shi, a rubuce yake cikin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Sai dai iko ne na tambaya, da tilasta kawo takardu, da tona abin da aka ɓoye. Kwamiti ba ya ɗaure kowa, ba ya korar ma'aikaci, ba ya shiga asusun wani ya ƙwato kuɗi. Zaman da ake nunawa a talabijin shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Abin da ke sa binciken ya haifar da ɗa mai ido yana faruwa ne kafin zaman da kuma bayansa, kuma a waɗannan wurare biyu ne igiyar ta fi tsinkewa.

Kwamitocin da ke taɓa kuɗi iri biyu ne, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai masu sa ido tun kuɗi bai fita ba da kuma lokacin da ake kashe shi: kwamitin kasafi, kwamitin kuɗi, da kwamitocin da aka ɗora wa kowace ma'aikata, kamar na lafiya, na ayyuka, na ilimi. Akwai kuma kwamitin kula da asusun gwamnati, wanda aikinsa ke farawa bayan shekara ta ƙare, an rufe littattafai, odita ya gama dubawa. Kowane zaure yana da nasa, ɗaya a Dattawa ɗaya a Wakilai.

Tushen ikon rukunin farko shi ne sashe na 80 na kundin, wanda ya hana a cire ko kwabo daga babban asusun tarayya sai da izinin doka. Sashe na 81 ya sa shugaban ƙasa ya gabatar da kasafi, idan kuɗin bai isa ba kuma ya dawo da ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Daga nan ne ake samun zaman kare kasafi, inda kowace hukuma ke bayyana gaban kwamitinta. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya fara kallon abin da ake nema na baɗi sai ya gama da na bara, kuma alƙaluma uku yake nema a kan kowane aiki: nawa majalisa ta ware, nawa baitulmali ya saki, nawa aka biya. A ɗauki misali: an ware naira miliyan 500 don gina asibiti, an saki miliyan 200, an biya ɗan kwangila miliyan 180, amma ginin bai wuce linta ba. Giɓin da ke tsakanin 500 da 200 tambaya ce ga ma'aikatar kuɗi da Akanta Janar, mai riƙe littattafan kuɗin gwamnati. Giɓin da ke tsakanin miliyan 180 da abin da ido ya gani a fili tambaya ce ga shugaban hukumar da injiniyan da ya sa hannu a takardar shaidar aiki. Shugabannin hukumomi sun ƙware wajen haɗe tambayoyin biyu su ce "ba a sakar mana kuɗi ba", ɗan majalisar da bai raba alƙaluman ba kuwa sai ya karɓa ya wuce.

Dokar kula da kashe kuɗi bisa ƙa'ida ta 2007 ta tanadi rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, kuma shi ya kamata ya zama abin da kwamiti zai riƙe a hannu in zai fita ziyarar gani da ido. Ziyarar tana da amfani idan an tafi da takardar ƙididdigar kayan aiki da mai awo wanda zai ce kilomita nawa aka zuba wa kwalta, kaurinta nawa. Tana lalacewa idan hukumar da za a duba ita ce ta biya kuɗin jirgi da otal, ita ta zaɓi wurin da za a je, ita ta tsara inda za a tsaya a ɗauki hoto.

Yanzu ga kwamitin asusun gwamnati, wanda aka fi tambaya a kai. Tafiyar rahoton odita tana farawa daga ofishin Akanta Janar, wanda ke haɗa bayanan kuɗin tarayya na shekara ya miƙa wa Odita Janar. Sashe na 85(5) ya ba Odita Janar kwana 90 daga ranar da ya karɓa ya miƙa rahotonsa ga kowane zauren majalisa, kowane zaure kuma ya sa kwamitinsa na asusun gwamnati ya duba. A lura da abin da sashen bai faɗa ba. Bai sa wa Akanta Janar ranar miƙawa ba, bai kuma sa wa kwamiti ranar gamawa ba. Wa'adin na tsakiya ne kawai. Dokar 2007 ta yi ƙoƙarin toshe ƙofar farko da ta ce a wallafa asusun da aka bincika cikin wata shida bayan ƙarshen shekara, amma an daɗe ba a cika wannan ba. Sai a 2021 Majalisar Dattawa ta zauna a kan rahoton kwamitinta game da binciken shekarar 2015. Shekara shida kenan. A cikin shekara shida babban sakataren da ya sa hannu ya yi ritaya, an sauya daraktan kuɗi sau biyu ko uku, kamfanin da aka biya wataƙila ya rufe, wanda ke zaune gaban kwamiti kuma amsarsa ɗaya ce: ba a zamanina aka yi ba. Ihu bayan hari kenan. A ƙa'ida wannan amsar ba uzuri ba ce, domin ofis ake tuhuma kuma fayil na ofis ne, amma a aikace tana raunana komai.

Akwai giɓi na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 85(3) ya hana Odita Janar ya binciki asusun kamfanoni da hukumomin gwamnati da doka ta kafa da kansa. Nasa shi ne ya ba su jerin kamfanonin odita da suka cancanta su zaɓa daga ciki, ya ba da ma'aunin kuɗin da za a biya su, sannan ya yi tsokaci a kan rahoton da suka fitar. Sashe na 85(4) ya bar masa damar leƙawa lokaci zuwa lokaci. Ma'anar wannan ita ce hukumomin da suka fi tara kuɗin shiga su ke zaɓen mai binciken su, su ke biyan sa. Dokokin kuɗi na gwamnati sun ce kowace irin wannan hukuma ta miƙa asusunta da aka bincika kafin 31 ga Mayu na shekara mai bi, kuma kusan kowane rahoton shekara yana ɗauke da jerin sunayen waɗanda ba su miƙa ba, wasu na shekaru a jere. Kwamiti mai hankali daga wannan jerin yake farawa, domin wanda bai kawo littafinsa ba ya fi wanda aka samu kuskure a nasa buƙatar tambaya.

Kafin abu ya shiga rahoton shekara ya bi matakai. Masu bincike suna shiga ma'aikata su duba baucoci, wato takardun biyan kuɗi, da littafin kuɗi da bayanan banki da na sito. Abin da bai gamsar da su ba su rubuta takardar tuhuma, a ba hukuma lokaci ta amsa. Wanda aka warware ya mutu a nan. Wanda ba a amsa ba, ko aka amsa ba da hujja ba, shi ke haurawa. Shi ya sa kowane sakin layi a rahoton yake da tsari guda: abin da aka gani, dokar da aka saɓa, haɗarin da ke ciki, martanin hukuma, da shawarar odita. In ka ga an rubuta cewa hukuma ba ta ba da amsa ba, to an ba ta dama ta ƙi amfani da ita.

Laifukan da ke maimaituwa sanannu ne, kuma kowanne da takardar da ke kashe shi. Mafi yawa shi ne kuɗin da aka ba ma'aikaci a hannu don wani aiki bai dawo da rasit ba har shekara ta ƙare. Maganinsa rasit na gaskiya ko a cire daga albashinsa. Ana kuma amfani da wannan hanya don kauce wa ba da kwangila, a ba ma'aikaci miliyoyi ya je ya sayo kaya alhali umarnin baitulmali ya ce sayayyar da ta haura naira 200,000 ta bi ta kwangila. Sai baucocin da aka biya amma aka ƙi nuna wa masu bincike. Sai kayan da aka ce an saya amma babu takardar shigar su sito, babu kuma ta fitar su. Kwamfuta ɗari da ba su taɓa bi ta hannun mai kula da sito ba, babu mai iya rantsuwa sun taɓa zuwa. Sai kuɗin kafin alƙalami da aka ba ɗan kwangila ya tafi da shi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsayar da shi a kashi 15 cikin 100, gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa 30, kuma sharaɗinsa takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Tambayar farko a nan ita ce ina takardar lamunin, kuma me ya sa ba a nemi bankin ya biya ba kafin wa'adinta ya ƙare. Sai tsattsaga kwangila ɗaya gida biyar don kowace ta tsaya ƙasa da adadin da zai sa a kai ta gaban hukuma ta sama. Ana gane ta in an ga kamfani ɗaya, rana ɗaya, aiki iri ɗaya. Sai harajin da aka cire daga kuɗin ɗan kwangila ba a zuba wa hukumar haraji ba, da kuɗin shigar da aka tara aka kashe a gida maimakon a zuba a asusun bai-ɗaya da aka tilasta tun 2015. Sai ɗauke kuɗi daga wani kan kasafi zuwa wani ba da izinin majalisa ba, wanda kai tsaye ya saɓa wa sashe na 80 ko da aikin da aka yi da kuɗin mai kyau ne.

Binciken kuma ba na kuɗi kaɗai ba ne, har da kadara. Rahoton shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayaninsu ba, cikinsu har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Ga mutumin Zamfara ko Katsina ko Sakkwato wannan sakin layi ya fi kowane na biliyoyi nauyi.

Wani abu da ya kamata mai sauraron labarai ya riƙe: "ba a kawo takarda ba" daban, "an sace" daban. Yawancin manyan alƙaluman da ake yi wa kanun labarai na rukunin farko ne. A 2016 rahoton Odita Janar Samuel Ukura na shekarar 2014 ya ce kamfanin mai na NNPC bai zuba kusan naira tiriliyan 3.2 a asusun tarayya ba. Kamfanin ya musanta, ya ce an bar kuɗin tallafin mai da sauran ɗawainiyar da ya cire daga tushe a wajen lissafin. To a nan ainihin tambayar da ke gaban kwamiti ita ce wa ya ba da izinin cirewa daga tushe, da wace doka, kuma ina takardun kowace ɗawainiya. Aikin kwamiti kenan: ya rarrabe wanda sakaci ne na ajiye takarda, wanda saɓa doka ne ba tare da asara ba, da wanda kuɗi ne suka tafi. Kwamitin da ya tsaya maimaita babban adadi gaban kyamara bai yi wannan aikin ba.

Ga yadda zaman yake in an yi shi daidai. Akawun kwamiti yana rubuta wa jami'in da alhakin kuɗin hukumar ke wuyansa, wato babban sakatare a ma'aikata, ko babban darakta a hukuma. Minista ba shi ne wannan jami'in ba, ko da yake ana iya gayyatar sa. Wasiƙar tana lissafa lambobin tuhumar, tana neman amsa a rubuce tare da takardun hujja kwanaki kafin zama, don ma'aikatan kwamiti da jami'an Odita Janar su karanta. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi. Dabara ce tsohuwa a shigo da katan-katan na fayil da safiyar ranar zama, a san babu mai iya karanta shafi 800 a cikin awa ɗaya. Shugaban kwamiti mai tsayawa a kan aikinsa yana mayar da su, ya sa sabuwar rana, ya rubuta cewa hukumar ce ta jawo jinkirin.

A ranar zama ana rantsar da jami'in. Wakilin Odita Janar yana zaune a gefe, shi ke karanta tuhuma, shi ake juyowa a tambaya ko takardar da aka kawo ta gamsar. Ana bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tuhuma tana ƙarewa da ɗayan abu uku: a soke ta saboda hujja ta cika, a tabbatar da ita tare da faɗin wa zai mayar da nawa kuma zuwa yaushe, ko a jingine ta a tura ƙaramin kwamiti ya zauna da ɓangarorin biyu su daidaita lissafi.

Inda ake gane gwanintar kwamiti shi ne takardun da suka ɓullo bayan shekaru. Bauca da aka kasa nuna wa mai bincike a lokacinsa, sai ga ta fes a gaban majalisa, dole a yi mata tambayoyi. Lambarta ta dace da jerin baucocin wannan watan? Ranar da ke kanta ta zo kafin ranar da kuɗin ya fita daga banki, ko bayanta? Sunan wanda aka biya a bauca shi ne sunan asusun da kuɗin ya faɗa a bayanan banki da na Remita, manhajar da gwamnati ke biyan kuɗi ta cikinta? Wanda ya sa hannu yana riƙe da wannan kujerar a ranar? Kamfanin yana da rajista a hukumar rajistar kamfanoni, kuma tun yaushe? Kamfanin da aka yi wa rajista mako biyu kafin a ba shi kwangila, ko wanda daraktocinsa ke da sunan gida ɗaya da wani a ofishin, ba ya buƙatar dogon sharhi. Haka in an ce an mayar da kuɗi: wasiƙar da ke cewa an mayar ba hujja ba ce. Hujja ita ce rasit ɗin baitulmali da shaidar cewa kuɗin ya sauka a asusun gwamnati, kuma ofishin Akanta Janar ya tabbatar.

Idan jami'i ya ƙi zuwa fa? Sashe na 89 ya ba majalisa da kwamitocinta ikon aika sammaci, da neman kowace takarda, da bayar da takardar kamu don a kawo wanda ya ƙi amsa sammaci ba da uzuri ba, har da ɗora masa kuɗin ɗawainiya da tara. Amma masu aiwatar da takardar kamun galibi 'yan sanda ne, su kuwa ƙarƙashin ɓangaren zartarwa suke. Shi ya sa barazanar kamu ta fi kamun yawa. Makamin da ya fi cizo a hannun majalisa shi ne kasafi: a ƙi duba kasafin hukumar da ta ƙi amsa tuhuma har sai ta amsa. Wannan yana buƙatar kwamitin asusu da kwamitin kasafi da shugabannin zaure su tsaya a magana ɗaya, kuma a nan ake yawan samun ɓaraka, domin kowace hukuma tana da masu kare ta a cikin zauren.

Ikon kuma yana da iyaka. Sashe na 88(2) ya ce binciken majalisa na dalili biyu ne kawai: don yin doka ko gyara ta, da don tona cin hanci, rashin iya aiki, ko almubazzaranci wajen aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da ta ware. Kotun ɗaukaka ƙara ta jaddada wannan iyaka a shari'ar Nasir El-Rufai da Majalisar Wakilai a 2003. Kwamitin da ya zarce ya fara yanke hukunci kamar kotu yana ba wanda ake tuhuma damar zuwa ya samo umarnin dakatarwa, aikin wata shida ya tsaya cik.

Bayan zama sai rahoto. Kwamiti ya rubuta, ya ajiye a gaban zaure, a sa rana a yi muhawara, a amince da shawarwari ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ƙuduri ne, ba doka ba, kuma ba ya tilasta wa ɓangaren zartarwa. Ana aika shi ga Sakataren Gwamnatin Tarayya, da shugaban ma'aikata in ladabtarwa ce, da EFCC ko ICPC in laifi ne. A ganina nan ne mafi raunin gaɓa a dukkan tsarin, fiye ma da jinkiri. Babu dokar da ta ce gwamnati ta dawo cikin kwana kaza ta faɗi me ta yi da kowace shawara. A Birtaniya, inda aka kafa irin wannan kwamiti tun 1861, baitulmali yana amsa shawarwarin kwamitin a rubuce, ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba da dalilinsa. A nan kuwa rahoto yana iya kwana a kan tebur har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare, sabuwar majalisa ta zo da sababbin fuskoki, a koma farko. Abin da ke riƙe tarihin aikin shi ne akawu da ma'aikatan kwamiti, su kuwa kaɗan ne, kuma ba kowane kwamiti ke da akanta ƙwararre na dindindin ba.

Daga Birtaniya ɗin aka gaji al'adar ba ɗan adawa shugabancin kwamitin, don kada jam'iyya mai mulki ta binciki kanta. A majalisa ta tara Sanata Matthew Urhoghide da Oluwole Oke, dukansu na PDP a lokacin, su suka riƙe kwamitocin biyu. A ta goma aka ba Sanata Ahmed Aliyu Wadada, wanda ya shigo a SDP, da Bamidele Salam na PDP. Al'adar tana da kyau, amma shugaba mutum ɗaya ne. Rinjayen mambobi na jam'iyya mai mulki ne, sauya sheƙa kuma tana iya cinye ma'anar tsarin cikin dare ɗaya.

Kwamiti ba ya fin rahoton da aka ba shi ƙarfi, don haka 'yancin Odita Janar maganar kwamiti ce kai tsaye. Kundi ya kare shi: sashe na 85(6) ya ce ba ya karɓar umarni daga kowa, sashe na 87 ya ce ba a tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na Dattawa. Amma wannan kariya ta wanda aka tabbatar ce. Mai riƙon ƙwarya wata shida ne iyakarsa sai in Dattawa sun amince da ƙari. Vincent Azie yana riƙon ƙwarya ya miƙa rahoton shekarar 2001 a farkon 2003, rahoton da ya taɓo ma'aikatu da yawa har da fadar shugaban ƙasa, kuma bai daɗe a kujerar ba bayan haka. Daga 2022 zuwa ƙarshen 2023 ofishin ya yi fiye da shekara babu tabbataccen shugaba kafin a naɗa Shaakaa Chira. Ga kuma kuɗin gudanar da ofishin, wanda ke bi ta hannun waɗanda yake bincika. Dokar binciken da aka gada ta 1956 ce, tun kafin 'yancin kai. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudurin sabuwa amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ghana ta bi wata hanya: kundinta na 1992 ya ba Odita Janar ikon soke kashe kuɗin da ya saɓa doka ya ɗora biyan a kan jami'in da ya yi, kuma a 2017 kotun ƙolin ƙasar ta umarce shi ya riƙa amfani da ikon. Afirka ta Kudu ma ta ba nata ikon fitar da takardar bashi a kan jami'i daga 2019. Da irin wannan iko, mayar da kuɗi ba ya jiran ƙudurin majalisa.

Ba za a yi adalci ba in ba a faɗi laifin masu binciken kansu ba. Kwamitin wucin gadi da ya binciki tallafin mai a 2012 ya tono abubuwa masu yawa, amma shugabansa Farouk Lawan ya ƙare a kurkuku bayan kotu ta same shi da karɓar dala 500,000, hukuncin da kotun ƙoli ta tabbatar a 2024. Abin da ya fi wannan yaɗuwa, kuma ba a cika kama shi ba, shi ne ɗan majalisar da ya cusa aikin mazaɓarsa a kasafin wata hukuma, ya nemi guraben aiki a wurinta, sannan ya zauna ya bincike ta. Hukumar gudanarwar majalisar ita ma tana fitowa a rahoton Odita Janar da nata tuhumomin, kuma yadda kwamiti ya bi da waɗannan shi ke nuna wa sauran hukumomi ko da gaske ake.

A jihohi tsarin ɗaya ne da lambobi daban: sashe na 125 ya kafa Odita Janar na jiha da wa'adin kwana 90 ɗin, sashe na 128 da 129 suka ba majalisar jiha ikon bincike da sammaci. Jihohi kuma suna da odita na ƙananan hukumomi, wanda rahotonsa ke zuwa majalisar jiha, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi wannan ofishin ya ƙara muhimmanci. Rahoton da ya fi kusa da rijiyar burtsatsen unguwarka da ajin firamaren ƙauyenku shi ne wannan, kuma shi aka fi bari ba a karanta ba.

Mai son bin sawu da kansa yana da hanya. Rahotannin tarayya suna shafin intanet na ofishin Odita Janar, jihohi da dama ma sun fara wallafa nasu. Nemo sakin layin da ya shafi aikin da ka sani da idonka, ka rubuta lambarsa da shekarar rahoton da adadin kuɗin. Ka haɗa da hoton wurin mai ɗauke da kwanan wata, da sunan aikin kamar yadda yake a kasafi. Ka aika wa akawun kwamitin asusu, ka ba ɗan majalisar mazaɓarka kwafi, ka karɓi shaidar an amsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa buƙata, don haka kana iya neman takardar ba da kwangila da shaidar biyan kuɗi kai tsaye daga hukumar. In an ce maka an mayar da kuɗin, nemi lambar rasit ɗin baitulmali da ranar da aka biya, sannan ka duba rahoton shekara mai zuwa ka ga ko tuhumar ta sake fitowa a ƙarƙashin sunan hukumar.